Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Kaduna bayan 1975, shekarar da kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kakuri, ya san irin martabar 504. An ƙera ta a Faransa a 1968, amma hanyoyinmu ne suka ba ta suna: ita ce motar ma'aikaci, ita ce ta haya, ita ce mai kai amarya. Tamu gādo ce daga mahaifinmu, wanda ya yi shekaru yana kai-kawo da ita tsakanin Kaduna da Kaciya da Kafanchan. Da 'yan'uwa suka kawo shawarar a sayar wa 'yan gwangwan, mu muka roƙi arziki a ba mu wata uku.

A Kasuwan Magani, cikin ƙaramar hukumar Kajuru, muka sami wani dattijon bakanike da ya yarda ya sauke injin. Ciwon motar a fili yake: ƙara ƙas-ƙas daga saman inji, ga rashin ƙarfi a hawa. An sha saita bawul, kwana biyu ƙarar ta dawo.

"Malam, abin da ke kwance saitin shi za mu nema," in ji shi.

Ya zaro kamshaf ya ɗora a kan buhu. Sandar ƙarfe ce mai tozo takwas, biyu ga kowace silinda, tana juyi ɗaya duk sa'ad da karanshaf ya yi biyu. Kowane tozo na tura tafet, tafet ya tura sanda, sanda ta buɗe bawul. In tozo ya cinye, bawul ba ya buɗewa sosai, inji ya kasa shaƙa ya kasa fitarwa.

Shaida uku ya nema kafin ya yanke hukunci. Ya murza dagwalon kwanon baƙin mai a yatsa, sai ga garin ƙarfe yana ƙyalli. Ya juya gindin kowane tafet. Guda biyu sun lotsa kamar cokali. Sannan ya auna tozayen da ma'auni ɗaya bayan ɗaya, ya tarar biyu sun gaza 'yan'uwansu da kusan milimita guda.

"Baba, a canja kamshaf kaɗai mana, kuɗin sun yi ƙasa," muka ce.

Ya girgiza kai. Tsohon tafet, in ji shi, ya riga ya ɗauki siffar tsohon tozo, kuma zai cinye sabo cikin 'yan watanni. Tare ake canja su, a wanke hanyoyin mai, domin rashin canja baƙin mai a kan kari ne mafarin ɓarnar.

Mu da muke koyar da nazarin adabi mun gane wannan hanya. Muna hana ɗalibi yanke hukunci a kan matani daga shaida guda, ga shi wanda bai taɓa shiga aji ba yana bin ƙa'idar da yatsunsa. Abin da ya dame mu shi ne yaransa biyu duk sun koma gyaran babur, inda kuɗi ke shigowa kullum.

Mun biya kuɗin tafet takwas da albashin wata mai zuwa. Ranar da aka tayar da injin, ƙanwarmu da ta fi kowa matsawa a sayar ita ta fara shiga gaba, ta ce a kai ta Kaciya.