Ranar da Jami'ar Kyoto Ta Shiga Kasuwa

Kafin shekarar 2004, malamin jami'ar gwamnati a Japan ma'aikacin hukuma ne kawai. Ya yi bincike, ya wallafa, shi ke nan. Jami'ar ba ta da hurumin mallakar abin da aka gano a cikinta, shi ya sa ilimi mai yawa ya tsufa a takarda bai isa gadon majinyaci ba. A shekarar ce aka ba jami'o'in damar cin gashin kansu, har su riƙe takardar mallakar fasaha da sunansu.

Sauyin ya zo a kan gaɓa. A 2006, Shinya Yamanaka da almajirinsa Kazutoshi Takahashi na Jami'ar Kyoto suka nuna cewa ƙwayoyin gado 4 sun isa su mayar da ƙwayar fatar ɓera asalinta, yadda za ta iya rikiɗa ta zama ta zuciya, ta ido ko ta jijiya. A 2007 suka maimaita da ta ɗan'adam. Sunan irin wannan ƙwayar iPS.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Kyoto ta riƙe amanar. Ta gaggauta yin rajistar mallaka don kada wani ya riga ta ya garƙame ƙofa. A 2008 aka kafa kamfanin iPS Academia Japan, yana ba kamfanoni da dama izinin amfani da fasahar, ba tare da an jingina ta ga mutum ɗaya ba.

Kuɗi kuwa sai da gumi. A 2012, shekarar da ya samu kyautar Nobel, Yamanaka ya shiga gudun famfalaƙi na Kyoto yana neman gudummawa, saboda akasarin ma'aikatan cibiyarsa 'yan kwantiragi ne. A 2015 kamfanin magunguna na Takeda ya yi wa cibiyar alkawarin yen biliyan 20 cikin shekara 10. Wasu jami'o'in ma sun shiga kasuwa: kamfanin Heartseed ya fito daga jami'ar Keio, na Cuorips daga ta Osaka, duka suna neman gyaran zuciyar da ta gaza da ƙwayoyin iPS.

Dashen farko da aka yi da fasahar iPS, wanda ayarin Masayo Takahashi ya yi wa wata dattijuwa a ido a Kobe a 2014, ya ci kusan yen miliyan 100. Irin wannan tsada ce ta sa Kyoto ta duƙufa kan taskar ƙwayoyin da za su dace da mutane da yawa. Nan ne ma'aunin yake: magani bai gama zama magani ba sai ya kai ga mai buƙata.