Kafin su yabi karatu, a bar su su yi gardama a kansa

Duk shekara, kafin jarrabawar BEPC, nakan ba ƴan ajin ƙarshe na kolej tambaya ɗaya: mene ne amfanin karanta littafi? Takardun da ke dawo mini kusan duk iri ɗaya ne: karatu haske ne, jahilci duhu ne. Gaskiya ne, amma wannan kirari ne, kuma kirari ba ya cin maki. Mai gyaran takarda yana neman ra'ayi, da dalili, da misali, da amsa ga wanda bai yarda ba.

Wanda bai yarda ba kuwa yana nan cikin gidan yaron. Yayansa ya bar lakwal tun CM2, ya tafi ci-rani Abijan ko Libiya, ya dawo da babur, ya rufa ɗaki da kwano. Ga kuma mai BAC zaune a fada yana jiran shayi. Yaro yana ganin wannan kullum, amma ba ya rubuta shi, don yana tsammanin mushe zai ji haushi.

Shi ya sa nake raba ajin gida biyu, su fara kare ra'ayinsu da baki, da Hausa. Rabi su tsaya wa ɗan ci-rani, rabi su tsaya wa littafi. Sai an gama sannan a ɗauki alƙalami a rubuta da Faransanci. A nan misalai na gaske suke fitowa. Wata ɗiyar manomin albasa daga kwarin Tarka, kusa da Madawa, ta ce ita ke karanta wa babanta rubutun jikin kwalbar maganin ƙwari: nawa za a zuba, kwana nawa za a jira kafin a cire albasa. Wani ya ce kuɗin ci-rani ma in sun zo, saƙo ne a waya, kuma wanda bai iya karatu ba dole ya nuna wa maƙwabci asirinsa.

Hujjar da ta fi wuyar amsawa ita ce ribar karatu ba ta zuwa da wuri. Nan nakan tuna musu ƙasarsu. A 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, wajen Buza, tare da ƙungiyar CARE, don kare gero daga iska. A 1984 aikin Keita ya soma da tallafin Italiya, mata suka yi ta ɗaukar duwatsu a ka don raya fako. Waɗanda suka yi wannan wahala sun jira shekaru kafin su ga amfaninta. Ɗalibin da ya iya ɗaura wannan misali a kan karatu ya fahimci yadda ake gina hujja.

Sharaɗina na ƙarshe shi ne kowa ya ambaci littafin da ya karanta da kansa, ko Sarraounia na Abdoulaye Mamani, ko Magana Jari Ce na Abubakar Imam, ya faɗi abin da ya tsinta a ciki.

Iyaye, ga rabonku a aikin. In yaro ya kawo ra'ayi cikin ladabi, kada a ce masa rashin kunya, a tambaye shi dalilinsa. Yarinyar da ta saba jera dalilai a takarda, ranar da aka zo maganar cire ta daga lakwal za ta san abin da za ta faɗa wa baffanninta.