Zuwa Bosso, Inda Ake Auna wa Kifi Rana

Da sassafe motarmu ta bar Kontagora. Muka bi ta Tegina, muka tsallaka Kogin Kaduna a Zungeru, garin da Turawa suka mayar hedikwatar Arewa a 1902 kafin su koma Kaduna. Wajen azahar muka wuce Maikunkele, sai ga Bosso, ƙofar shiga Minna ta wannan ɓangaren. Watan Maris ne, lokacin da zafin garin kan kusanci digiri 40, kwalta har walƙiya take yi.

Ɗan ƙanwata ne ya tarbe ni kusa da tsohon matsugunin Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1983, inda ya karanci kiwon kifi. Ko ruwa ban gama sha ba ya ce, "Kawu, zo ka ga abin da na gayyato ka dominsa."

Akwatin gilashi ne cike da ruwa, a gindin tagar gabas. 'Ya'yan karfasa na kai da kawowa tsakanin ganyayen da ya dasa cikin tsakuwa. Babu ƙwan lantarki a kansa. Ranar safiya ce fitilarsa, kuma da hantsi ya ɗaga sai ya saki asabari. Washegari na tsaya na gani da idona: haske na shigowa, sai ƙananan kumfa suka fara jeruwa a bayan ganye, suna ɓallewa ɗaya bayan ɗaya zuwa sama. Iskar da kifin ke shaƙa ke nan, ganye ke samar da ita da ƙarfin rana.

"Me zai hana ka bar tagar a buɗe yini guda?" na tambaye shi.

"Kawu, ai sai gansakuka ta rufe gilashin, ruwan ya ɗau zafi. Ruwa mai zafi kuwa ba ya riƙe iska sosai, sai ka ga kifi ya taso yana haki."

A nan hira ta kai mu ga murjanin teku, wanda shi ne babban burinsa. Irin wanda ke gina tsaunuka a ƙarƙashin Bahar Maliya, daura da Jidda, dabba ce mai rai ko da yake kamar dutse take. A cikin naman jikinta akwai wasu ƙwayoyin tsiro da ido ba ya gani, su ke sarrafa hasken rana su ba ta mafi yawan abincinta. Shi ya sa masu ajiye ta a gida a Turai da Amurka ke kashe kuɗi kan fitilu masu ƙarfi, wasu kuma su huda rufi su jawo rana. Amma murjani ya fi son ruwan da ke tsakanin digiri 23 da 29. In zafi ya haura ya daɗe, sai ya kori ƙwayoyin nan, ya yi fari fat, yunwa ta kama shi. Haka ta faru da babban tsaunin murjani na Ostireliya a 2016 da 2017.

Don haka bai yi gaggawa ba. Rana dai akwai ta a Bosso har ta yi yawa. Abin da ya rage masa shi ne ruwan gishiri da wutar da za ta riƙe na'urar sanyaya ruwa dare da rana, kuma ya fara tara kuɗin sola. Ya ce ba zai ɗauko rai daga teku ya zo ya dafa shi a ɗaki ba.

Wannan magana ta shige ni ƙwarai. Da yawanmu masu tankin tarwada a bayan gida muna auna abinci, muna canza ruwa, amma ba ma lura da awa nawa rana ke dukan tankin. Kafin in hau motar komawa, na sa ya rubuta mini a takarda inda ya kamata in kafa rumfa a kan nawa, da lokacin da zan riƙa yaye ta.