Wasiƙa daga Konya: Kada a Sayar da Fadamar Nan

Konya, Turkiyya
Disamba 2025

Ƙanena,

Ina fata kuna lafiya, kai da Baba da Inna da duk mutanen gida. Yaya sanyi, yaya kuma haƙuri da halin da gari yake ciki? Allah Ya kawo mana ƙarshensa. Saƙonka na murya ya iso, na saurare shi har ƙarshe. Na ga maganar ta fi ƙarfin waya, ana yi sabis yana ɗaukewa, shi ya sa na zauna na rubuta. Ka karanta a natse, sannan ka sami Baba bayan sallar Isha'i ka karanta masa wurin da ya shafe shi.

Ka ce wani ejan ya zo da hotunan jami'a a wayarsa, ya yi alkawarin sama maka gurbin karatun likita a ƙasar waje kyauta in an biya shi kafin sabuwar shekara, har Baba ya fara sauraron masu taya fadamarmu ta bakin gulbi. Don girman Allah kada a sayar. Gonakin tudu sun riga sun gagara zuwa saboda 'yan bindiga, wannan fadama ita kaɗai ta rage da ake fita a noma albasa a dawo gida kafin la'asar. In ta tafi, me gidan zai ci?

Bari in gaya maka abin da irin waɗannan mutane suke sayarwa, don ina ganin ƙarshensa a nan da idona. Jami'o'i masu zaman kansu suna yi wa ɗaliban waje rangwamen kuɗin makaranta, ejan kuma ya zo gida ya kira rangwamen nan sikolashif. Shekarar farko ta wuce lafiya da kuɗin gonar da aka sayar. Shekara ta biyu a kawo takardar biya, da dala. Ka tuna dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Iyayen da suka yi lissafi da tsohon farashi sun wayi gari bashi ya ninka sau uku. Na san yaran Arewa a ƙasar nan da makaranta ta rufe musu rajista, takardar izinin zama ta ƙare, kunya ta hana su komawa, kuɗin jirgi ma babu. Wasu suna ɗaukar kaya a masaƙu a ɓoye, gida kuwa ana cewa ɗanmu yana karatun likita. Ba na so in ga ranar da za a faɗi haka a kanka.

Tallafin da ya kawo ni nan na gwamnatin Turkiyya ne, sunansa Türkiye Bursları, kuma ko sisi ban biya kowa ba wajen nema. Fom ɗin a intanet yake, kyauta. A shekarun nan suna buɗewa ranar 10 ga Janairu su rufe 20 ga Fabrairu. Wanda aka ɗauka, su ne da kuɗin makaranta, da ɗakin kwana, da inshorar lafiya, da tikitin zuwa da na komawa in an gama, da ɗan alawus duk wata, da shekara guda ta koyon Turkanci kafin a shiga aji. Masu nema daga duniya sukan haura 100,000, waɗanda ake ɗauka 'yan dubbai ne, saboda haka ba zan ce maka ka samu ba. Abin da zan ce, ka cancanci ka nema, kuma lokacinka ƙanƙane ne. Mai neman digirin farko dole ya kasance ƙasa da shekara 21. Kai kuwa rufe makarantun kwana 16 da gwamnatin Sakkwato ta yi a Disamban 2020, bayan sace ɗaliban Ƙanƙara, ya haɗa da sakandaren Sabon Birni da ta Isa, kuma daga nan karatunku bai sake tafiya daidai ba. Shekarun da aka cinye muku, babu mai tantancewa a Ankara da zai mayar maka da su. Bana ce damarka, in ta wuce sai baɗi, daga nan ƙofar digirin farko ta rufe.

Game da likitanci, ka saurare ni da kyau. Suna neman maki 70 cikin 100 ga sauran fannoni, amma likitanci da haƙori da haɗa magunguna sai 90. Na ga sakamakonka. Yana da kyau, ya isa injiniya ko noma ko kimiyya, bai kai 90 ba. In ka cika likitanci, kwamfuta ce za ta ajiye takardarka gefe tun kafin idon mutum ya kai gare ta. Kuma wajen zaɓen jami'o'i kada ka zuba duka a Istanbul da Ankara inda kowa yake rububi. Ka sa irin su Konya da Kayseri da Samsun.

Yanzu ga abin da ya fi kayar da yaran yankinmu, wanda na fi so ka ba wa ƙarfi a makonnin nan. Takardu ne. Ka fito da duk abin da ke ɗauke da sunanka, takardar firamare, sakamakon WAEC da NECO, katin NIN, takardar JAMB, takardar haihuwa, takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma, ka shimfiɗa su a tabarma ka bi su harafi-harafi. Mu a gida ba mu ɗauki wannan a bakin komai ba. Hedimasta ya rubuta sunan yaro da na mahaifinsa, a sakandare a ƙara masa sunan gari, mai shagon intanet ya gajarta sunan tsakiya zuwa harafi ɗaya, wajen yin NIN kuma a ƙiyasta masa ranar haihuwa a ce 1 ga Janairu. Kowa a unguwa ya san mutum ɗaya ne. Wanda yake duba dubban takardu a wata ƙasa, mutum uku yake gani, kuma ba zai kira ka ya tambaya ba. In ka sami saɓani, ka je kotu a yi maka takardar rantsuwa, ka nemi gyara a ofishin NIMC tun yanzu, don gyaran yana cin lokaci, kuma ba a yin fasfo sai bayanan sun dace da na NIN. Fasfo ɗin kansa ya koma naira 100,000 a Satumban 2025, mai shafi 32. Wannan kuɗin ni zan nema, kada ka ɗora wa Baba.

Imel ɗinka ka buɗe shi da hannunka, lambar sirrin ta zauna a kanka. Akwai wani ɗan ajinmu daga wajen Isa, ya fi ni ƙoƙari nesa ba kusa ba, wanda mai shago ya cika masa fom da imel ɗin shagon. Takardar gayyata zuwa ganawa ta zo ta zauna a can, bai ji labari ba sai bayan an gama. Har yau in na tuna shi raina yana ɓaci. Kuma ka san halin sabis a wajenmu. Ka tuna Satumban 2021 da aka katse layukan waya, mutane suna neman tudu da layin Nijar a hannu don su ji muryar 'yan uwansu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da an buɗe fom ɗin, ka shiga Sakkwato ka sauka gidan Kawu, ka gama komai cikin Janairu. Ka bi motar safe tare da jama'a, kada ka yarda yamma ta same ka a hanya.

Akwai wurin da za su ce ka rubuta dalilin da ya sa kake son wannan karatu. Nan yara suke kwaso rubutun wasu daga intanet, kowa ya ce tun yana ƙarami yake mafarkin taimakon al'umma. Masu karantawa sun ga irinsa har sun gaji. Wasu kuma sukan mayar da wurin dandalin kuka, su jera sunayen garuruwan da aka ƙona. Abin da ya same mu gaskiya ne, ka faɗe shi a jimla biyu ko uku, don su san a wane hali ka ci jarrabawar nan. Amma kada ka yi bara da jinin mutanenmu. Ka rubuta abin da ka sani wanda ɗan Legas ko ɗan Alƙahira bai sani ba. Ka san yadda gulbi yake cika da damina ya kwashe gero, watan Maris kuma a koma tonon yashi ana neman ruwan ban albasa. Ka san kuɗin man da injin ban ruwa yake sha a kaka ɗaya, ka san yadda albasa take ruɓewa a rumbu kafin farashi ya tashi. Ka san madatsar Goronyo tana kusa da mu, amma manomin Sabon Birni rijiyar burtsatse yake dogara da ita. Ni da irin wannan na shiga, kuma a ganawar da aka yi da mu a kansa suka tsaya suna tambaya.

Abin da ya sa nake son ka yi tunanin fannin ruwa da noma, ga shi ina gani a nan. Konya fili ne shimfiɗaɗɗe, rumbun alkamar Turkiyya, ruwan sama kaɗan. Manoma sun haƙa rijiyoyi ba iyaka suna shuka masara da gwozar sukari, ruwan ƙasa ya yi ta ja da baya, har a wajen Karapınar ƙasa take ruftawa tsakiyar gona ta bar rami mai faɗi da zurfi. Malamanmu a Jami'ar Selçuk sun kai mu mun gani. Ina tsaye bakin ramin ina tunanin fadamun Rima da yawan injinan da ake ƙara sakawa kowace rani ba mai aunawa. Wannan ilimi yankinmu yana bukatarsa kamar yadda yake bukatar likita.

Kada kuma ka ɗora zuciyarka duka a kan waje. Ka yi rajistar JAMB ta bana, ka sa Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko jami'ar jiha. In ka samu, akwai rancen ɗalibai na NELFUND da aka fara a Mayun 2024 ga masu karatu a makarantun gwamnati. Suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye, su ba ɗalibi naira 20,000 a wata. Ka gaya wa Baba babu kuɗin ruwa a ciki, don na san nan zai fara tambaya. Biya yana farawa shekara biyu bayan hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Bashi ne dai, ka shiga da niyyar biya. Ka riƙa bin sanarwar hukumar tallafin karatu ta Jihar Sakkwato, takardar ɗan asali tana hannunka. Tun da kana da hadda da Larabci, Jami'ar Musulunci ta Madina ma tana karɓar nema ta intanet kyauta, kuma iyakar shekarunta 25 ne. Tallafin musayar ɗalibai na gwamnatin tarayya, wanda yake kai yara Rasha da Maroko da Aljeriya da Hangare, ka cire shi daga lissafi. A 2024 an rage alawus ɗinsu daga dala 500 zuwa 220, a Afrilun 2025 kuma ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da dakatar da shi. Ni kaina a Danfodiyo na yi digirin farko, na yi hidimar ƙasa, sannan na fito. Ƙofar digiri na biyu ta fi faɗi, a nan iyakarta shekara 30, ga na Jamus da na Ingila ga wanda ya fita da sakamako mai kyau.

Ka tambaye ni yadda zaman yake. Alhamdu lillahi. Kiran salla yana shigo mini har ɗaki, abinci halal ne ko'ina, tsofaffi a masallaci in sun ji ɗalibi ne kai sai sun ja ka shan shayi. Amma sanyin Konya ba irin hunturunmu ba ne, dusar ƙanƙara take zuba, yatsu su ƙage, rana ta faɗi da wuri. Watannin farko na koyon harshe sun yi nauyi, babba da kai ka koma ba ka iya tambayar kuɗin burodi. Akan zura maka ido a jirgin cikin gari, yawanci don mamaki, wani lokaci da abin da ya fi mamaki ɗaci. Tuwon gero da miyar kuka sai dai in garin kukar da wani ya taho da shi bai ƙare ba. Mafi wuya shi ne dare, in na ga an rubuta Sabon Birni ko Gatawa a labarai, na kira wayar Baba ba ta shiga. Ranar da labarin rasuwar Sarkin Gobir na Gatawa ya fito a Agustan 2024, mu 'yan Sakkwato da ke nan waya muka yi ta yi wa juna har asuba, babu wanda ya iya barci.

Alawus ɗin kuma yana isa ne ga mai tsimi kawai, don tsadar kaya a nan ba ta tsaya ba tun 2022, kuɗinsu lira kullum faɗuwa yake. Ka fahimtar da Inna cikin hikima, in ta ga ɗan abin da nake turowa bai taka kara ya karya ba, daga kuɗin cefanena yake fita.

Ƙanwarmu Auta tana aji biyu na babbar sakandare, ko? Ka duba takardunta tare da naka, a daidaita sunanta da ranar haihuwarta tun kafin ta yi rajistar WAEC. Tallafin Turkiyyan nan ana ba mata kamar yadda ake ba maza, ɗakunan kwanansu daban ne da tsaro, kuma zan yi wa Baba wannan magana da bakina in lokaci ya yi.

Ka ɗauki hoton kowace takarda a wuri mai haske ka turo mini kafin ƙarshen watan nan, in duba. Rubutun dalilin karatu kuma ka fara yi da Hausa yadda yake a ranka, mu mayar da shi Turanci tare. Shi kuwa ejan, a ba shi haƙuri a sallame shi da mutunci, kada a ba shi ko kwafin sakamakonka.

Ka gaishe da Baba da Inna, ka ce ina neman addu'arsu, jarrabawa tana tafe a Janairu. Ka gaishe da Kawu da iyalinsa, da malaminmu na makarantar allo. Allah Ya tsare ku, Ya ba ka sa'a.

Naka,
Yayanka