Karfasa Mai Goyo a Baki

A shekarun da na yi ina koyar da Hausa, na lura ɗalibai sun fi saurin riƙe sunan dabbar da suka san halinta. Shi ya sa idan muka zo kan sunayen kifaye nakan daɗe a kan karfasa, wadda wasu ke kira gargaza, Yarabawa kuma suke ce mata epiya. Kusan kowa ya taɓa cin ta, amma kaɗan ne suka san yadda take renon 'ya'yanta.

Karfasa tana zaune a koguna da tafkuna masu ɗumi. Ana samun ta a Kogin Nilu da Tafkin Chadi da kogunan Kwara da Binuwai, da kuma Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan an kammala madatsar ruwa a 1968. Danginta suna da yawa, domin a tafkunan Malawi da Tanganyika da Biktoriya akwai ɗaruruwan ire-irensu. Babbar karfasa takan kai tsawon santimita 60, nauyinta kuma ya wuce kilo 4. Abincinta gansakuka ne da ƙananan tsirran da ke yawo cikin ruwa.

Abin mamakin yana wajen haihuwa. Idan lokaci ya yi, namijin yakan nemi wuri marar zurfi, ya haƙa gurbi a cikin yashi da bakinsa, ya tsare shi, ya kori duk namijin da ya matso. Macen takan zo ta zuba ƙwai a gurbin, namijin ya ba su ruwan haihuwa. Nan take sai ta kwashe ƙwan duka cikin bakinta, ta bar wurin. Ƙwan sukan kai ɗaruruwa. Tsawon mako ɗaya zuwa biyu tana ɗauke da su, tana jujjuya su a hankali don ruwa ya riƙa ratsa su, har su ƙyanƙyashe. A duk kwanakin nan ba ta cin abin kirki, domin bakin da za ta ci da shi ya zama ɗakin reno. Ko bayan 'ya'yan sun fara fita kiwo, da zarar sun ga haɗari sai su ruga su koma bakin uwarsu.

Hausawa na cewa baki shi kan yanka wuya. A wurin karfasa kuwa, baki shi ne zanen goyo. Uwa a gidajenmu takan goya ɗa ɗaya a baya. Ita tana goyon ɗaruruwa, ga kuma yunwa.

Wannan hali nata shi ne ya kamata masunta su yi la'akari da shi. Wanda ya kama uwa mai goyo, ba kifi ɗaya ya fitar daga ruwa ba, zuri'a guda ya hallaka. Wanda kuma ya jefa taru mai ƙananan idanu a bakin gaɓa, inda 'ya'yan ke fakewa, ya cinye kamun baɗi tun bana. Ga shi ruwan ma ya ragu. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye ƙwarai sakamakon fari da yawan ɗibar ruwa.

Na sani mai iyali ba ya son a ce masa ya dakata da su. Amma hutun 'yan makonni a wuraren haihuwa, da taru mai manyan idanu, su ne za su bar wa 'ya'yansa sana'ar da ya gada. Mu masu saye ma muna da namu alhakin: idan muka daina karɓar ƙananan da ba su kai tafin hannu ba, mai koma zai daina kawo su kasuwa.