Dogon da ke ƙarƙashin kwando

Masu bin ƙwallon kwando a Illela ba su da yawa, domin wasannin NBA sai tsakar dare ake buga su a agogonmu. Amma 'yan kaɗan ɗin nan ma ba su rasa gardama: cikin mutum biyar da ke fili, wane ne ke kawo kofi?

Matasa sukan ce mai rarraba ƙwallo ne, hujjarsu kuwa Stephen Curry, wanda jifarsa daga nesa ta kawo wa Golden State kofi huɗu tsakanin 2015 da 2022. Hujja ce mai ƙarfi, amma ni ina bayan ɗan tsakiya.

Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, tsaron gida yake yi a ƙwallon ƙafa kafin ya san kwando. A 1994 shi ne gwarzon shekara, gwarzon tsaro, kuma gwarzon wasannin ƙarshe, Houston ta ɗauki kofi, ta sake a 1995. Jifa 3,830 ya kaɗe a NBA. Abin da lissafi bai ƙirga ba shi ne waɗanda suka hango shi suka fasa jifar. Hannun mai jifa daga nesa yakan yi sanyi wata rana; tsoron dogo kuwa kullum yana nan.

Sai dai tsawo kaɗai bai wadatar ba. Nikola Jokić ya kai Denver ga kofi a 2023 yana ɗan tsakiya, kuma shi ke raba ƙwallon. Wannan ne ke damuna da filayenmu na makaranta: da an ga yaro ya miƙe, sai a dasa shi ƙarƙashin kwando kamar turke, ba mai koya masa miƙa ƙwallo.