Sawun raƙumin dawa a Kure

A ranin shekarar 2019 muka ɗauki ɗalibanmu na koleji, maza da mata, muka kama hanyar Doso tun da asuba. Kure tana da nisan kilomita kusan 60 daga Yamai, kuma a yankinta ne ragowar raƙuman dawan Afirka ta Yamma suke kiwo. A 1996 ba su wuce 50 ba, amma lokacin zuwanmu sun haura 600.

Jagoranmu, wani Bazabarme mai ƙarancin magana, ya wuce da mu gabas har kwarin Dallol Boso. Da muka sauka ya hana mu gaggawar neman dabbar, ya ce a fara duba ƙasa. Yaran suka yi cirko-cirko, domin a allo suka saba ganin dabba, da sunanta na Faransanci a ƙarƙashi. Wani yaro mai zama can bayan aji, wanda ya tashi a ƙauye wurin kakansa, shi ya fara durƙusawa. Ya nuna sawun kofato mai tsaga biyu irin na saniya, sai dai ya fi shi girma nesa ba kusa ba. Ya ce na safiyar nan ne, tunda bakinsa bai zube ba. Kashin ma ya fassara mana: ƙananan ƙwayoyi ne a warwatse, saboda daga sama suke faɗowa. Mun ɗan ji kunya, mu da muka daɗe muna ɗaukarsa mai raunin karatu.

Sannan muka ɗaga kai. An aske rassan gawo har tsayin da akuya ko saniya ba ta kaiwa. Gawo itace ne mai saɓa wa saura: da damina yake kaɗe ganye, da rani ya yi kore shar. Shi ya sa raƙuman ke barin tudu su gangaro kwarin idan daji ya bushe. Da hantsi muka iske su, suna zaro ganye tsakanin ƙaya da baƙin harshe mai tsawon kusan santimita 45. Yaran suka ƙi yarda cewa ƙasusuwan wuyan nan 7 ne, daidai da nasu, har wasu suna laluba ƙeyarsu.

Wani manomi da muka gaisa da shi bai taya mu sha'awa ba, domin wakensa suke ci. Wata ɗaliba ta ce: "To baba, ina mafita?" Ya ce shi ma ita yake nema.

A watan Agusta na 2020 aka kashe mutum 8 a wani hari a Kure, Allah ya kiyaye gaba. Tun daga nan ba mu sake kai yara can ba.